Karen da Aka Hana Ƙashi

Ran da mahaifina ya baro ƙauyenmu na ƙasar Maradun ya iso gidan aurena a Talata Mafara, ina tsakar gida ina kwashe shinkafar da na turara zan shanya, don sana'ata ke nan. Sai na ji sallama a zaure da muryar da na fi sani a duniya. Na fita hannuna duk ƙaiƙayi. Yana tsaye da bargo a kafaɗa da sanda a hannu, ƙafafunsa sun kumbura, ga jan karen nan nasa a bayansa ya zaro harshe. Mutane na gudun ɓarayin daji da akuya, da keken ɗinki, da ɗan buhun gero, amma ni nawa uban da kare ya gudo. Na rasa ko kuka zan yi ko faɗa, sai na haɗa duka biyun.

Wanda bai san Baba ba zai ce rigimar tsufa ce. Baba ba ya ji sosai. Kunnensa ya toshe tun wani zazzaɓi da ya kwantar da shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, sai ka tsaya a gabansa ka ɗaga murya kafin ya gane abin da kake faɗa. Lokacin zaman lafiya wannan bai hana shi komai ba. Amma tun da daji ya lalace, manomin wajenmu da kunnensa yake tsira. Da an jiyo ƙarar babura daga nesa kowa zai yar da fartanya ya faɗa cikin dawa. Shi Baba yana noma ne ido ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan karen. In ya ga ya miƙe kunnuwa ya juya fuska wajen hanya, ba haushi ba komai, to ya san lokacin ɓuya ya yi. Haka ya tsira ba sau ɗaya ba. Kuma tun a zaure, kafin ya sha ruwa, ya gaya mini ba zama ya zo yi ba. Da ruwa ya sauka shi da karensa za su koma gonarsa ta bakin rafi.

Gidan mijina gidan malamai ne. Surukata tsohuwa ce mai tsananin tsarki, irin wadda ko ƙuda ya sauka a dardumarta sai ta kakkaɓe. Zaman suruki a gidan suruki dama abu ne mai nauyi, Baba da mijina kowa na sunkuyar da kai in sun haɗu. Malam, wato mijina, ya ba shi shagon ƙofar gida ba tare da wata magana ba. Karen ne ya zama magana.

"Mala'ikun rahama ba su shiga gidan da kare yake," in ji surukata.

Malam ya ce da ita a hankali, "Inna, ai karen gona da na kiwo da na farauta an yi rangwame kansu."

"To ina gonar take? Nan tsakar gidana?"

Aka daidaita a kan a ɗaure shi a kangon da ke bayan gida. Washegari kuma sai ga dattijon unguwarmu, ya zo yi wa Baba jaje, suka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya da iyali da waɗanda aka baro, sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Ya ce maƙwabta sun yarda kare ya zauna, amma da sharaɗi. "Kar a ba shi nama, kar a ba shi ƙashi. Kare in yaj ji ɗanɗanon jini, kajin mutane za shi bi, daga kaji kuwa sai ɗiyan mutane." Na maimaita wa Baba da ƙarfi. Ya ɗaga kai ya ce ya yarda, ai baƙo ba ya da ta cewa. Ni kam ina bayan ƙofa ina tafasa, don waɗannan maƙwabtan ne awakinsu ke cinye mini shinkafa a shanya kullum, ban taɓa kafa wa kowa sharaɗi ba.

A ƙauye ban taɓa ganin an zuba wa karen nan abinci a kasko ba. Gafiya yake kamawa, da kurege, wani lokaci zomo, ya cinye har gashi da ƙashi. Ranar kasuwa ya je wajen mahauta ya jawo guntun ƙirgi, ya kwanta gindin tsamiya ya wuni yana gwaigwaya. In babu wannan, kara ma taunawa yake yi, ko ƙwallon goruba da yara suka yar. In ya yi hamma sai ka ga haƙora fari tas. Baba yakan yi wa matan ƙauye tsiya, ya ce da su masu cin goro da fure su zo su ga yadda ake riƙon baki.

A Mafara kuwa abin da ke gidan aka ba shi. Ƙanzon tuwon shinkafa da na jiƙa, ragowar koko, burodin da ya kwana a tsoma shi cikin sauran shayi. Abin mamaki, surukata da ta ƙi jininsa ita ta fi kowa damuwa da cikinsa. Ta ce duk abin da ka ɗaure, hakkinsa na wuyanka ran gobe. Don haka duk furar da ta rage, da nononta da sukarinta, sai ta ɗauki ludayi mai dogon hannu ta miƙa ta saman katanga ta tsiyaya masa a kasko, tana kawar da kai tana a'uziyya. Ƙasusuwan miya kuwa tarawa ake yi a gwangwani a kai juji mai nisa, don kada a ce mun karya alkawari. Kare ya yi ƙiba, gashinsa ya kwanta. Kowa ya leƙa sai ya ce lallai wannan ya zo birni ya samu gidan hutu, har da ni.

Daga nan ya fara cin igiyarsa. Yau a ɗaure, jibi ya gutsire ta. Da aka gaji aka samo sarƙa. Sai ya koma kan sarƙar, in ya gaji da ita ya kama wani dutse da ke gindin turken. Ina juya shinkafa a rana ina jin ƙaras, ƙaras ta bayan katanga, wuni guda. Nakan ce zaman banza ne ya ishe shi, wa ma ba zai ishe shi ba. Mu da muke jin ƙarar ba mu san ma'anarta ba. Baba, wanda da ya ji zai iya ganewa, ba ya ji, kuma in yana zaune a wajen, karen ba ya taɓa sarƙar, sai dai ya kwantar da kai kusa da ƙafarsa.

A wajenmu akwai wuri ɗaya da ba wanda ke dubawa, shi ne cikin bakin kare. Mai sayen rago yana buɗe masa baki, mai sayen jaki ma haka. Amma kare, saboda miyansa, kowa nesa-nesa yake yi. Baba da kansa, duk son da yake yi masa, bai taɓa kai hannu wajen bakinsa ba tun yana ɗan kwikwiyo. Bayansa yake shafawa, shi ma sai ya wanke hannu. To da wari ya fara tashi daga kangon, na yi magana, sai wata maƙwabciya ta ce, "Yo ke, bakin kare dama turare kika tsammani?" Aka yi dariya, maganar ta wuce.

Sai karen ya fara cin abinci kansa a karkace, gefe ɗaya. Ya ɗauki loma ta faɗo. Ya riƙa kai ƙafar gaba yana sosa fuska. Ƙasan idonsa na hagu ya kumbura, miyau na zuba ba tsayawa, wani lokaci da zaren jini a ciki. Miyan nan ne ya tayar da unguwa. Aka ce haukan kare ne, aka hana yara bin bayan gidanmu, wasu samari har sun fara zancen sanduna. Na gaya wa Baba. Sai ya ce, "Karen ga ba shi hauka. Mai hauka ba shi sanin mai shi. Ki raka ni wurin likitan dabbobi."

Ranar Talata muka je, gari cike da 'yan kasuwa. Muka bi ta lunguna, Baba a gaba da sarƙa, ni a baya cikin hijabi, matar malam guda tana rakiyar kare. Na sha kallo, na kuma rama da harara. A wajen likitan raguna ne da shanun huɗa, masu su suka ja baya suna tattare riguna. Likitan, wani magidanci mai furfura kaɗan, ya fara da murmushi, amma da ya matso ya ji warin sai murmushin ya ɗauke. Ya yi wa karen allurar da ta sa jikinsa ya saki, ya sa safar hannu, ya ɗaga leɓen.

Na so a ce ban duba ba. Haƙoran nan farare sun rufe da wani ɓawo mai launin ƙasa, irin wanda ke kama cikin tsohuwar butar shayi. Dasashin ya yi jajir ya ja da baya, wasu haƙoran na girgiɗi in ya taɓa. Fiƙa ɗaya ta karye. Babban haƙorin turmi da ke can ciki ya tsage gida biyu, mugunya na fitowa daga gindinsa.

"Ba hauka ba ne," in ji likitan. "Me kuke ba shi?"

Na lissafa masa. Ya girgiza kai. Ya ce kare ba ya asuwaki, taunarsa ita ce asuwakinsa. Fata da jijiya da guringuntsi, in yana ja yana gwaigwaya, su ke goge masa haƙori. Abinci mai laushi mai danƙo kuwa liƙewa yake yi a gindin haƙori, ya taurare, dasashi ya kumbura, ruɓa ta bi saiwa ta shiga ƙashin muƙamuƙi. Ya ce da ya rasa abin taunawa ne ya kama ƙarfe da dutse, su kuma suka fasa masa turmi. Kumburin idon nan daga saiwar turmin yake.

Baba yana kallon bakin likitan, yana kallona. "Mi yac ce?"

Haka na tsaya a gaban masu raguna ina ɗaga murya, ina sake faɗin kowace magana. Cewa hana shi ƙashi ne. Cewa furar da aka ba shi don tausayi ce. Cewa sarƙar ce. Ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba, kuma ban san wa zan ji haushi ba, don duk cikinmu babu wanda ya nufe shi da sharri.

Likitan ya ce sai an cire haƙoran da suka ruɓe, kuma aikin na buƙatar a sa shi barci sosai da kayan da shi ba ya da su a nan. Sai Sakkwato. Ya ba mu maganin da zai sassauta ruɓar, ya ce a riƙa wanke bakin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Ya ƙara da cewa in Allah ya sa ya warke a ba shi ɗanyar fata da guringuntsi, ban da dafaffen ƙashi don tsagewa yake yi ya soki ciki, ban da ƙashin ƙafar saniya don ya fi ƙarfin haƙori. Na riƙe duk wannan a kaina kamar zai yi amfani.

Muka nufi tasha. Direba na farko ya ɗauka wasa nake yi. Da ya ga da gaske ne ya ce, "Hajiya, akuya na ɗauka, kaji na ɗauka, har mai ciwon da ba a so na ɗauka. Amma kare, wa za shi zamna kusa da shi?" Wani ya yarda a sa shi a but, sai mai albasar da ke ciki ya ce wallahi sai dai a sauke masa kayansa. Mai motar shanu ya ce shanun za su firgita su tattake juna. Muka koma washegari, muka sake komawa. Har 'yan kamasho suka gane mu, da sun hango mu sai su fara dariya tun daga nesa. A komawa ta ƙarshe na zage su tas, zagin da har yau in na tuna sai na nemi gafara. Bai sa an ɗauke mu ba.

Da safiyar da ta biyo baya Baba ya tafi kwata wajen mahauta shi kaɗai. Ya dawo ta tsakiyar unguwa, ba ta lungu ba, riƙe da guntun ɗanyar fata da guringuntsi a fili, jini na ɗiga. Ya wuce ta gaban dattijon unguwa a kan tabarmarsa, ya yi masa sallama, dattijon ya amsa, ya bi fatar da kallo. Na bi shi kangon. Karen ya ɗaga hanci, jelarsa ta motsa, abin da na daɗe ban gani ba. Ya ja jiki ya kama fatar, ya matsa. Sai ya yi wata ƙara siririya ya saki. Ya sake gwadawa ta ɗaya gefen, ya sake saki. Daga nan ya ɗora ƙafa ɗaya a kanta kamar kada a ƙwace masa, ya riƙa lasa kawai. Ihu bayan hari muka yi. Na juya na koma wajen shinkafata, don ba na so Baba ya ga fuskata.

Tun daga ranar Baba ya karɓi wankin bakin da kansa. Ya naɗe hannun riga, ya ɗora kan karen a cinyarsa, ya nannaɗa tsumma a yatsa ya zura cikin bakin nan mai wari, yana sharce mugunya yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Mutumin da tsawon rayuwarsa bai bari miyan kare ya taɓa rigarsa ba. Surukata ta gani ta saman katanga. Na jira ta yi magana, na ma shirya amsa. Sai ta koma ɗaki ta yago gefen wani tsohon zanenta mai laushi, ta ɗumama ruwa da kanta, ta ce in kai masa. In ya gama kuma Malam ne ke tsayawa da buta da sabulu yana zuba masa ruwa a hannu, kowannensu na kallon ƙasa.

Maganin ya ɗan yi aiki, kumburin ya sauka, har na fara cewa ko Allah zai sa. Da ya ƙare sai kumburin ya dawo ya fi da, ya fashe a ƙasan idon. Ƙibar nan ta birni ta zube, haƙarƙari suka fito. Koko mai ruwa-ruwa ma sai ya lasa kaɗan ya kawar da kai. Ana cikin haka hadari ya fara haɗuwa ta gabas, labari kuma ya zo cewa mazan ƙauyenmu da ke warwatse a Mafara da Bakura sun yanke shawarar komawa su yi shuka, su zauna wuri ɗaya, kowa na sauraron hanya. Baba ya kai fartanyarsa aka gyara mata ƙota.

Wata rana da hantsi ya kwance sarƙar ya ce in zo. Muka taka a hankali har bakin gonakin ban-ruwa da ke hanyar Bakura, karen na binmu yana tsayawa. Baba ya tsaya ya juya wa hanya baya, ya zuba wa karen ido, kamar yadda yake yi a gona. Na gane gwaji ne. Ba a jima ba na jiyo babur tun daga nesa. Ƙarar ta ƙaru, ta matso, ta zo daf da mu. Karen na tsaye kansa a rataye, miyau na zuba, ko kunne ɗaya bai motsa ba. Baba bai san da babur ɗin ba sai da ya gan shi ya wuce ta gefensa. Ya bi shi da kallo, ya dubi karen, ya duƙa ya shafa bayansa. Muka dawo gida.

Karen bai ƙara mako ba ya mutu, da rana tsaka, fatar nan da ta bushe tana kusa da hancinsa. Baba ya haƙa rami a kangon da fartanyar da aka gyara. Dattijon unguwa ya zo, da alama abin ya taɓa shi, ya ce wani ɗan'uwansa a Damri karyarsa ta haihu, zai sa a kawo kwikwiyo ɗaya, kuma wannan a ba shi duk abin da ya dace. "Ai karen bana shi ka maganin zomon bana," in ji shi.

Baba ya yi masa godiya. Ya ce, "Wancan sai da yay yi shekaru kahin ya gane ba ni ji. Ni da ɗan kwikwiyo, wa za shi jira wani?"

Ruwan shuka ya sauka. Da safe motar da za ta kwashi mutanenmu ta tsaya a bakin titi, muka je ni da Baba, ba bargo ba fartanya. Ya kira ɗan ƙanensa, magidanci mai 'ya'ya, ya ja shi gefe yana yi masa bayani da murya sama, irin ta wanda ba ya jin kansa. Ya gaya masa inda iyakar gonar ta tsaya, da kusurwar da ruwa ke kwanciya. "Can ƙasa dawa za ka sa, gero ba shi yi nan. Ka noma ta kamar taka." Ɗan ƙanen ya ce to sai baɗi in Allah ya kai mu Baba ya karɓi abinsa. Baba bai ji ba, ni kuma ban maimaita masa ba.

Mutane suka hau. Baba ya juya baya don kada a ga idonsa, ya tsaya yana kallon wata katanga. Direba ya tayar da mota, ya danna oda, waɗanda ke sama suna ta kiran Baba suna ɗaga masa hannu, motar ta hau titi ta tafi har ta ɓace. Shi yana nan tsaye yadda yake, yana jira su tashi. Sai da na taɓa kafaɗarsa na ce, "Baba, sun tahi."